HDFC ko Mitchell-Lama: wanne ya fi dacewa da mai neman gida a Niyok da ƙaramin ƙarfi?

Tun da na fara maganar neman gidan nan a masallaci mutane suke tare ni da tambaya, wani bayan sallar juma'a wani a WhatsApp da tsakar dare, kowa so yake in ce masa wannan ya fi shikenan ya tafi. Toh ba haka abun yake ba, amma bari in zauna in rubuta abin da na gani a shekara biyu da na yi ina hawa benaye a Harlem da Bronx, ni da maman yara, har takalmi ya fara kuka.

Da farko dai wanda bai sani ba ya sani, gidan ko-of ba irin gidan da muka saba bane da za a baka takardar fili ka sa a akwati. Ginin gaba ɗaya na kamfani ne, kai hannun jari kake saya a kamfanin, sai a baka takardar zama a ɗaki kaza hawa kaza. Duk wata kana biyan mentenans, daga ciki ake biyan harajin gini da ruwa da ɗumama da inshora da albashin sufa mai kula da gini. Kuma akwai bod, wato 'yan kwamitin da mazauna suka zaɓa, su ne za su tantance ka kafin ka shiga, in suka ce a'a doka bata tilasta musu su gaya maka dalili ba. An dai hana su ƙin mutum saboda launi ko addini ko ƙasar da ya fito, amma tunda basa faɗin dalili kaga kai da Allah.

A cikin ko-of ɗin kuma akwai masu iyakar samu, wato in albashinka ya wuce kaza ba za a sayar maka ba. Manya guda biyu ne a nan garin, HDFC da Mitchell-Lama, mutane suna haɗa su wuri ɗaya alhali hanyar jirgi daban ta mota daban.

HDFC asalinsa daga wahala ya fito. A shekarun 1970 lokacin da Bronx ke ci da wuta, masu gidaje da yawa suka gudu suka bar gine-gine da bashin haraji, birni ya kwashe su, shi ma ya rasa yadda zai yi da su, sai aka fito da tsarin da mazauna ginin za su koyi riƙe shi da kansu daga baya a sayar musu, dala 250 kowane gida. Eh, ɗari biyu da hamsin. Yau akwai irin waɗannan gine-gine sama da dubu a Harlem da Washington Heights da Lower East Side da Bed-Stuy da kudancin Bronx, yawanci tsofaffin benaye masu hawa biyar ko shida. Birni na rage musu harajin gini, shi yasa mentenans ɗinsu yake da sauƙi, a madadin haka su kuma dole su sayar wa masu ƙarami ko matsakaicin samu.

Mitchell-Lama kuma doka ce ta jihar Niyok daga 1955, sunan 'yan majalisa biyu ne da suka kawo ta, MacNeil Mitchell da Alfred Lama. Shi wannan da gangan aka gina shi don ma'aikata, manyan rukunan gidaje masu lif da filin wasan yara. Mafi girma shine Co-op City da ke arewa maso gabashin Bronx, gidaje 15,372, dogayen benaye 35, aka fara shiga a 1968, gari ne sukutum da makarantu da kasuwanni da tashar wutarsa. Akwai Rochdale Village a Jamaica ta Queens mai gidaje 5,860, akwai Concourse Village nan kusa da titi na 161.

Yanzu ga inda suka rabu. A HDFC abin da zai hana ka shiga kuɗi ne, a Mitchell-Lama lokaci ne.

Bari in fara da HDFC tunda shi ya fi ruɗar mutane, ni ma shi ya fi cin min takalmi. Za ka buɗe StreetEasy, shafin tallan gidaje, ka ga gida mai ɗakin kwana biyu a Hamilton Heights da farashin da bai kai na maƙwabtansa ba ko kusa, zuciyarka ta buga, sai ka karanta ƙasa ka ga iyakar samu. Kowane gini da nasa ma'aunin. Wasu suna bin AMI, wato matsakaicin samun iyali na yankin da gwamnatin tarayya ke fitarwa duk shekara, a 2024 na iyali mai mutum uku dala 139,800 ne, toh ginin da ya ce kashi 120 na AMI kenan iyalin mutum uku zai iya samun har wajen 167,000 kuma ya cancanta, wasu ma har kashi 165 suke kaiwa. Irin waɗannan da sauƙi. Masu ciwon kai su ne waɗanda ke bin tsohon lissafi na sashe na 576 na dokar gidaje ta jiha, a haɗa mentenans da kuɗin wuta na shekara a ninka shida, ko bakwai in iyalin na da yawa, wasu su ƙara wani ɗan kaso a kai. Misali mentenans 700 wuta 100, 800 kenan a wata, 9,600 a shekara, ninki shida 57,600. Wato kada samunka ya wuce wajen nan. Sannan mai gidan yace shi 350,000 zai sayar. Dan Allah wane banki ne zai ba mai samun dubu hamsin da bakwai bashin da zai sayi wannan? Saboda a gine-gine da yawa an ɗaure samun mai saye amma ba a ɗaure farashi ba, shi yasa kake ganin an rubuta tsabar kuɗi kawai, kuma shi yasa waɗanda ke cinye su su ne yaran masu hali da albashinsu kaɗan ne amma baba ya tura kuɗi, ko tsofaffi 'yan fansho da suka sayar da wani gidan. Tsari ne na talaka amma mai kuɗi a ɓoye ya fi morarsa, wannan ita ce gaskiyar da dillali bazai faɗa maka ba.

Mu kuma 'yan uwa muna da tamu matsalar ta musamman. Yawancinmu tuƙi ne, Uber ko tasi, mata kuma aikin kula da tsofaffi a gida ko kitso. Mai tuƙi in lokacin haraji yazo zai cire mai, ya cire inshora, ya cire gyaran mota har samun ya koma ɗan mitsitsi, yana murna. Toh a iyakar samu ka wuce lafiya lau, amma banki da bod wannan takardar harajin ta shekara biyu ita za su duba, su ga mutumin da a takarda ko haya bai isa biya ba. Duk wanda yake da niyyar sayen gida ya fara gyara takardun harajinsa shekara biyu kafin nan, ba ana gobe sallah ba.

Sai adashi. Ni kwasata ta zo daidai lokacin da muke magana da wani banki, na ɗauka na zuba a asusu ina jin daɗi kafin alƙalami ya kusa cika. Matar da ke riƙe da fayil ɗina ta kira ni, tace wannan kuɗin da suka shigo ranar kaza daga ina. Na fara mata bayani mu goma sha biyu ne kowa na zubawa duk wata, shiru tayi sannan tace toh bashi ne ko kyauta. Nace ba ko ɗaya, kuɗina ne. Tace takarda fa? Uwar adashinmu littafi ɗaya gare ta irin na 'yan makaranta. Dole muka jira sai da kuɗin suka kwana a asusun suka wuce watannin da suke dubawa, yawanci wata biyu zuwa uku, kafin nan gidan ya tafi. Don haka in adashi ne jarinka, ka kwasa da wuri ka barshi ya huce a banki.

Abu na biyu a HDFC, wanda a ganina ya fi farashi muhimmanci, lafiyar ginin. Ka tuna mazauna ne ke riƙe da shi, wani ginin gida ashirin ne kacal, in mutum huɗu suka daina biyan mentenans kowa ya shiga uku. Akwai wanda muka je gani wata asabar cikin sanyi, hawa na biyar ba lif, maman yara tana tsayawa a kowane hawa tana hararata. Gidan kansa masha Allah, rana na shigowa falo, katakon ƙasa na asali, kicin sabo. Shugabar bod wata dattijuwa ce 'yar Dominika, tana cikin waɗanda suka saya tun na 250, ta bamu labarin yadda suka yi sanyi guda suna kwana da riguna uku lokacin da mai ginin ya gudu, wlh har na ji ina son matar. Sai na roƙa a kai ni ƙasa in ga boila, wato tukunyar ɗumama ginin. Sufa ya ɗan yi jim sannan ya buɗe, na ga bokiti biyu an tara a ƙarƙashin bututu, bango yayi shatin ruwa har gwiwa. Lauyana ya nemi bayanan kuɗin ginin aka turo na shekara uku baya, akace na kwanan nan akanta bai gama ba, da ya tono sai ga bashin ruwa ga asusun ajiya kusan wayam. Yace min Malam in ka shiga nan ba gida ka saya ba, kason bashi ka saya. Kuma gaskiyarsa, don ranar da boila ta mutu ko rufi ya fara zuba, raba kuɗin za a yi a kan kowa, a ɗora maka ƙari a kan mentenans har sai an biya. In bashin haraji da na ruwa yayi yawa birni na iya karɓe ginin, masu hannun jari su koma 'yan haya. Mun haƙura, matar har ta kira ni daga baya tana tambaya ko mun fasa ne, kunya ta hana ni faɗa mata dalili.

Ba duka haka suke ba fa, na ga wasu da lissafinsu tsaf yake fiye da na ginin masu kuɗi. Hanyar ganewa dai ita ce ka nemi bayanan kuɗi na shekara biyu zuwa uku, lauya ya karanta rubutun zaman bod, ka shiga shafin HPD, hukumar gidaje ta birni, ka duba ƙorafe-ƙorafe da laifukan da aka rubuta wa ginin, ka duba ACRIS, shafin birni na rajistar takardun gidaje, ko akwai bashi a kansa, shafukan biyu kyauta ne. Kuma ka tambaya wane banki ya ba wani bashi a ginin kwanan nan, in amsar ita ce babu, toh bankuna sun riga ka gani. Ka tambayi zancen rangwamen haraji ma, wanda da yawansu ke ƙarƙashinsa wa'adinsa 2029 ne, bod ɗin da ya san aikinsa zai iya gaya maka shirin da yake yi.

Mitchell-Lama nashi salon daban. Babu dillali, babu ciniki, babu wani ya fi ka tayi. Layi ne. Rukunin gidaje zai buɗe rajista, wani lokaci da ƙuri'a ta Housing Connect, shafin birni na neman gidaje masu sauƙi, ko shafin hukumar da ke kula da shi, wasu na ƙarƙashin birni wasu na ƙarƙashin jiha, in sunanka ya fito a baka lamba ka koma ka zauna. Shekaru ake yi, ba watanni ba, na san wanda ya sa suna matarsa na da ciki, aka kira shi yaron na firamare. Wasu layukan ma a rufe suke ruf. Amma in aka kira ka, kuɗin shiga a ƙayyade yake, dubun-dubatan daloli ne ba ɗaruruwan dubbai ba, abin da mai adashi biyu ko uku zai iya haɗawa ba tare da ya ɗaure wuyansa da bashin shekara talatin ba. Ga wanda maganar riba, wato kuɗin ruwan banki, ke hana shi barci wannan ba ƙaramin abu bane, don kamfanonin da ke bada kuɗin gida ta tsarin musulunci basu cika taɓa ko-of ba tunda hannun jari ne ba fili ba, a HDFC kenan ko tsabar kuɗi ko bashin banki, kowa sai ya tambayi malaminsa.

Sai dai su ma suna da nasu ƙa'idojin da ke cizo. Yawan ɗakuna da yawan mutanen gidan ake haɗawa, kai da matarka kawai ba za a baku uku ba don kuna sa ran baƙi daga gida. Duk shekara za ku cike takardar samun kowa da ke gidan, in ya haura iyaka ba za a kore ku ba amma za a ɗora ƙari a kan kuɗin wata, yana iya kaiwa har rabin abin da kuke biya. A HDFC yawanci ranar saye kawai ake duba samu, bayan nan ko ka zama Ɗangote ba ruwan kowa. Wannan ya kamata mai yara masu tasowa ya lura, yau 'yarka tana makarantar nas, jibi ta fara aiki tana gida, samunta ya shiga lissafi. Kuma kada a ɗauka manyan rukunan basu da matsalar gyara, gine-ginen sun haura shekara hamsin, lif na lalacewa, bututu na tsufa, kuɗin wata na hawa, bambancin kawai nauyin ya rabu a kan dubban mutane ba ashirin ba.

Ranar fita ita ce babbar tambaya, kuma ita muke ƙin yi wa kanmu. A Mitchell-Lama ba ka sayarwa a kasuwa, kamfanin za ka mayar wa, a baka abin da ka zuba da ɗan kason uwar bashin ginin da ka biya, a cire gyara, na gaba a layi ya shiga. Ko shekara ashirin kayi babu wata riba, ribarka ita ce arhar da ka zauna a ciki. Akwai waɗanda suka yi ƙuri'a suka fice daga tsarin kamar Southbridge Towers a ƙasan Manhattan masu gida suka wayi gari da dukiya, amma wanda ya shiga layi don wannan mafarki yake. A HDFC kana iya cin riba amma akwai kason da gini ke yanka in ka sayar, filif taks suke ce masa, kashi 30 na riba abu ne da ake yawan gani, wasu ya fi haka. Lissafa: ka saya 300,000 ka sayar 360,000, riba 60,000, gini ya ɗauki 18,000, dillali ya ɗauki wajen wannan shima, ga lauya ga harajin sayarwa, abin da ya rage bai kai a kira shi kasuwanci ba. Kuma mai sayen naka dole ya shiga iyakar samu ya kuma wuce bod, gida na iya yin watanni a kasuwa.

Duka biyun kuma dole nan ne mazauninka na gaskiya. Wannan tunanin namu na in saya in sa ɗan haya in koma Kumasi ko Maraɗi ko Kano ana turo min dala duk wata, a manta da shi. Mitchell-Lama ba a bada haya, in aka kama ka gidan zai iya tafiya. HDFC wasu na bari na ɗan lokaci da izinin bod, irin wata 18 cikin shekara biyar. Har baƙon da zai zo ya kwana a falo wata shida kafin ya samu aiki, abin da duk mun yi wa wani kuma an yi mana, a ginin gida ashirin kowa na ganin mai shiga da fita.

Unguwa kuma kowa ya san abin da yake so. HDFC ya fi yawa a cikin gari inda jirgi ke ƙofar gida, a Harlem kana sauka titi na 116 ga kasuwar Malcolm Shabazz ga masallatai ga 'yan Senegal da Gini da Mali, a Highbridge da Morrisania ga 'yan Zangon Ghana da 'yan Nijar da Gambiya, naman halal da garin tuwo ba sai ka shiga mota ba, maƙwabcinka na dama ɗan Dominika na hagu baƙar fatar Amurka na sama wani bature matashi da karensa. Daɗi ne, amma a ƙaramin gini zaman bod kamar taron dangi yake, rabi da Sifaniyanci rabi da Turanci, tsofaffin da suka ceci ginin basa son a ƙara mentenans ko sisi don fansho suke ci, sababbin da suka zuba dubu ɗari uku suna son a gyara rufi yau, kai kuma kana tsakiya. In baka da haƙurin zama taro da daddare bayan ka tashi aiki, kayi tunani. Co-op City shiru ne da fili da bishiyoyi, kuɗin wata ya haɗa har wuta, amma jirgi baya shiga ciki, sai ka hau bas zuwa layin jirgi na 6 a Pelham Bay Park ko layin 5, ko bas mai zuwa Manhattan kai tsaye. Mai mota bazai damu ba, mai fita aikin asibiti ƙarfe biyar na asuba cikin Janairu zai damu.

Toh in ƙanena ne ya tambaye ni ga abin da zan ce masa. Sa sunanka a duk layin Mitchell-Lama da ya buɗe wanda ka cancanta, yau ba gobe ba, kuɗin rajista kaɗan ne kuma jira baya hana ka komai, in ka canja adireshi ka sanar da su don wasiƙa ɗaya in ta ɓata an tsallake ka. HDFC kuma sai in kana da kashi 20 na farashin a banki da wani abu da zai rage bayan an gama, takardun harajinka na nuna samu na gaskiya, ginin ya buɗe maka littafinsa ba ɓoye-ɓoye, kuma ka san kana nan aƙalla shekara goma. Ka nemi lauyan da ya saba da HDFC musamman, ba wanda ya yi maka takardun zama ba. Akwai tallafin birni na HomeFirst da ke kaiwa har dala 100,000 na kafin alƙalami ga mai sayen farko, da sharaɗin shiga ajin koyon sayen gida da iyakar samu da zama a gidan na wasu shekaru, ƙungiyar UHAB ma da ta daɗe tana aiki da gine-ginen HDFC tun 1973 tana sanar da gidajen da suka fito, irin nasu sun fi zuwa da farashin da talaka zai iya. In kuma zuciyarka na gida, ginin ka na can ya kai linta, shekara biyar kake lissafi, kuma kana cikin haya mai kariyar doka wadda hukuma ke ƙayyade ƙarinta, wlh ka riƙe hayarka da hannu biyu.

Mu dai yanzu sunanmu na layi biyu, kuma akwai wani HDFC a kusa da Grand Concourse hawa na biyu da lauya ke karanta takardunsa. Maman yara tace ita sharaɗinta ɗaya ne, kada ya wuce hawa na uku. Ni kuma na riga na gaya wa dillalin ranar da zamu koma da ɗakin boila zamu fara.